Hangen Dala ba shiga birni ba ne: kogin zanen Turawa da ƙoramar Garhanga

A shekarar 1840 aka buga wani littafin zane-zane a birnin Landan mai suna Picturesque Views on the River Niger. Mai littafin, William Allen, hafsan sojan ruwan Ingila ne da ya hau kogin Kwara tsakanin 1832 da 1833, cikin tafiyar ƙarshe ta Richard Lander. Tun da manyan ɗakunan karatu na Turai da Amurka suka fara zuba tsofaffin littattafansu a intanet, irin waɗannan zane-zane sun dawo hannunmu. Sai ka ga ɗan uwa ya ɗora ɗaya a Facebook, ya rubuta a ƙasa cewa a dubi yadda ƙasarmu take kafin mu lalata ta, jama'a kuma su yi ta tura wa juna ana Allah sarki.

Gaskiya zanen akwai kyau. Ruwa a kwance luf, tsaunuka can nesa sun yi shuɗi-shuɗi, wata itaciya a gefe ta sunkuyo kamar tana leƙen ruwan, ga kwale-kwale ɗaya ko biyu da mutane ƙanana kamar tururuwa. Akwai na mahaɗar Kwara da Binuwai, inda Lakwaja take a yau, akwai na gaɓar dutsen Idah. Duk wanda ya kalla zai ji yana son ya je ya shimfiɗa tabarma a wurin da la'asar.

Ni ɗan Garhanga ne, cikin gundumar Keita ta jihar Tawa, a tsakiyar duwatsun Adar. Ba mu da kogin da ke shekara da ruwa. Namu ƙorama ce: ta zo da ruri bayan an yi ruwan sama, ta yi ƴan awoyi ko kwana guda, ta wuce ta bar yashi. Wataƙila shi ya sa in na ga waɗannan zane-zane nakan yi wa kaina wasu tambayoyi. Wa ya koya wa mai zanen cewa haka kogi mai kyau yake? Me ya cire kafin hoton ya yi kyau haka? Kuma me ya sa mu ma yanzu, da wayoyinmu, muka koma yi wa ƙasarmu irin wannan ɗauka?

Kalmar farko ta sunan littafin Allen tana da tarihi. Ma'anarta a taƙaice ita ce wurin da kyansa ya cancanci a zana shi, wato wurin da ya yi kama da hoto tun ba a zana ba. Wanda ya fi kowa yaɗa wannan ra'ayi a Ingila shi ne William Gilpin, limamin coci kuma malamin makaranta. A 1770 ya bi kogin Wye, can wajen iyakar Ingila da Wales, a cikin kwale-kwale, a 1782 kuma ya fitar da littafin abin da ya gani haɗe da zane. Littafin ya karɓu ƙwarai. Masu hali suka riƙa hayar jirgi daga garin Ross zuwa Chepstow, tafiyar kwana biyu, kowa da littafin a hannu da takardar zane, suna tsayawa inda aka ce a tsaya. Da yaƙi da Faransa ya rufe musu hanyar yawon Turai daga 1793, sai abin ya ƙara kasuwa.

Gilpin ƙa'idoji ya kafa, kamar mai koyar da ɗinki. Dole hoto ya kasance da gaba da tsakiya da nesa, da wani abu mai duhu a gefe, itace ko dutse, da zai tsare ido. Wuri mai gargada ya fi shimfiɗaɗɗe. Kango ya fi gidan da ake kwana ciki. Shanu uku sun fi biyu kyan tsari. Da ya isa kangon tsohon gidan ibada na Tintern, har cewa ya yi da za a sa guduma a ɗan farfasa wasu sassan ginin da ya fi kyan gani. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne ra'ayinsa game da mutane. Ya yarda cewa ta fuskar ɗabi'a mai aiki tuƙuru ya fi mai zaman kashe wando, amma ya ce a cikin hoto mai zaman kashe wandon ya fi dacewa. Makiyayi jingine da sanda ya shiga, mai huɗa da gumi a goshi ya fita. Alhali a gefen Tintern ɗin nan akwai maƙerun ƙarfe da suka daɗe suna tuƙa hayaƙi, da matalauta da ke fakewa a jikin kangon.

Har wani ɗan madubi gare su, mai duhu-duhu, mai ɗan tudu, da aka laƙaba wa sunan Claude, wani Bafaranshe mai zane. In matafiyi ya isa wuri mai kyau sai ya juya masa baya, ya ɗaga madubin ya kalli wurin ta ciki, don madubin yana ƙanƙanta fili ya tausasa launi har ya koma kamar zanen da ya saba gani a bangon falo. Mai karatu, ka riƙe wannan: mutum ya yi tafiyar kwanaki don ya ga wuri, da ya iso sai ya ba shi baya.

Da wannan idon suka zo mana. Mungo Park, da ya fara ganin Kwara a Segu cikin watan Yulin 1796, kwatanta faɗinsa ya yi da kogin Thames na Landan. Baƙo ba shi da mudun awo sai na gidansu. Wajen shekara goma bayan nan ya halaka a Busa, garin da tun 1968 yake ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji. Daga Busa ɗin nan Richard Lander da ƙanensa John suka gangara a 1830 har suka tabbatar wa Turai inda kogin ke shiga teku. Shekara biyu bayan haka ɗan kasuwa Macgregor Laird ya haɗa jirage biyu masu tafiya da tururi, aka sa musu suna Quorra da Alburkah. Sunayen ma daga bakinmu aka ɗauko su: Kwara da Albarka. Wannan ce tafiyar da Allen ya yi zanensa.

To, ga abin da shimfiɗaɗɗen ruwan nan bai nuna ba. Cikin Turawa 48 da suka shiga tafiyar, kusan 40 ba su koma gida ba, yawancinsu zazzaɓi ya kashe su. Lander kansa harbinsa aka yi a bakin kogin, ya cika a tsibirin Fernando Po a 1834. Sauro ba ya fitowa a zane. Haka kuma, ko da yake akwai ƴan zanen sarakuna da taron jama'a a littafin, waɗanda aka fi yaɗawa na ruwa da tsauni ne, kuma daga su ba za ka gane kogin yana da masu shi ba. Akwai masu jiragen Nufe da na Kakanda da suka san kowane tsibiri, akwai sarakuna masu karɓar kuɗin fito, akwai masunta, akwai kasuwanni, har da na bayi. Duk an mayar da su ɗigon baƙi a cikin kwale-kwale, don a gane girman dutsen da ke bayansu.

Shekarar da littafin ya fito ma abin lura ce. A 1840 ne Thomas Fowell Buxton ke yekuwar cewa maganin cinikin bayi shi ne a shiga Kwara da fatauci da noma da addinin Kirista, har aka yi babban taro a Landan ranar 1 ga Yuni, mijin Sarauniya Victoria ya shugabanta. A 1841 jirage uku suka taso, Allen na jan ɗaya, aka kafa gonar gwaji a mahaɗar kogunan biyu. Sama da Turawa 40 suka mutu cikin ƴan watanni, aka watse. A 1854 William Baikie ya zo da maganin kwini, bai rasa ko mutum ɗaya ba. A 1886 kamfanin Royal Niger ya samu takardar izinin mulki daga gwamnatin Ingila. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugard ya ɗaga tuta a Lakwaja. Ban ce Allen ya yi zane don a ci ƙasa ba. Sai dai wurin da aka nuna wa mutane a matsayin mai kyau, mai faɗi, wanda ba a ga mai shi ba, ba ya daɗewa bai samu mai so ba. Shekara 60 ce tsakanin littafin da tutar, kuma a wuri guda.

Kada a ce na raina aikin matafiyan nan. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi wa gwamnatin Ingila tafiya daga 1850 zuwa 1855, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim, ya ji Hausa, ya zauna da malamai da fatake, ya ƙetare Kwara a Sayi cikin watan Yunin 1853. Littafinsa mai juzu'i biyar, da ya fito a 1857 da 1858, cike yake da sunayen garuruwa da rijiyoyi da farashin kaya, kuma har gobe masana tarihinmu na sha daga gare shi. Amma hotunan da ke ciki labarinsu daban ne. Ƴan zayyane-zayyanen da Barth ya yi a hanya an miƙa su ga wani gwanin zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, wanda ya taɓa zuwa Habasha amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Shi ya cike gurbi, ya daidaita haske da inuwa, aka buga a kan dutsen ɗab'i. Sanannen hoton nan na Kano daga kan Dala ta wannan hanyar ya biyo. Barth dai ya shiga birni, ya yi ciniki, ya ci bashi, ya yi jinya. Mu masu tura hoton a waya mu ne muka tsaya a hange, Hausawa kuwa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai wani zanen na Kwara daga wancan zamani da ba a cika yaɗawa ba. A 1824, da Hugh Clapperton ya isa Sakkwato yana ta tambayar inda kogin ya nufa, ya samu taswira daga wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka buga ta a Landan a 1826. Babu itaciya mai sunkuyo a cikinta, babu tsauni mai shuɗi. Layuka ne da sunayen ƙasashe da garuruwa da hanyoyin da ke haɗa su. Kuma ba a bar shi ya wuce Yawuri ya ga kogin da idonsa ba. Wannan shi ne kallon mai abu: ya san inda ruwan ya bi, ya san su wa ke bakinsa, ya kuma san ba kowane baƙo ake kai wa mashaya ba.

Mu a Adar babu wanda ya zana mu. Clapperton ta Kano ya bi zuwa Sakkwato. Barth ya sauko daga Abzin ta Damargu da Tasawa zuwa Katsina, daga baya ya yi yamma ta Wurno da Gwandu. Ko da sun biyo ta kwarinmu da rani, ba na jin za su zaro fensir, don ba abin da ya cika ƙa'idar Gilpin. Amma ga abin mamaki. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, an kafa tsinin alƙalami a Sakkwato aka zagaya da'ira mai nisan mil 100, aka ce ita ce iyaka. A takarda, Ƙonni da Madawa sun faɗa ɓangaren Ingila, Faransawa kuma aka bar su da arewa inda rijiyoyi ke nesa da juna. Da suka gwada kai sojoji da kaya daga bakin kogi zuwa Damagaram, sai suka ga babu hanya mai ruwa. Suka yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904 da 1906, aka tura iyakar kudu. Wato rijiyoyi da fadamun da ba su isa a zana su ba, su ne suka ja iyakar ƙasa biyu. Ba don su ba, da yau mutumin Madawa wata takardar ɗan ƙasa yake riƙe da ita.

Ga yadda ruwan namu yake. Adar ƙasa ce ta tudun dutse da kwari. Sama fako ne da baƙar tsakuwa, ƙasa kuma kwaruruka: na Keita, da na Majiya da ya bi ta ƙasar Buza ya gangara Ƙonni har ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin Nijeriya, da na Tarka da ya ratsa Madawa. Daga Yuni zuwa Satumba, in hadari ya zuba a kan dutse, ruwan ba ya samun wurin shiga ƙasa, sai ya tattaru ya gangaro gaba ɗaya. Kafin ka gan shi za ka ji shi. Ja wur yake zuwa, ɗauke da kara da itace, wani lokaci da akuya ko jaki. In ya tare hanya ranar kasuwa, mutane sukan zauna gaɓa biyu suna hira da ɗaga murya, ana jiran ya sauka. Wanda ya yi gaggawa, sau da yawa sai dai a tsinto shi a gaba.

Washegari ba komai sai yashi mai laima. Nan baƙo zai ce kogi ya mutu, mu kuwa mun san shiga ya yi. Muna yara mukan tona yashin da ƙoƙo, kamu ɗaya ko biyu, ruwa ya tsattsafo, mu jira ya kwanta mu sha. In kaka ta wuce, a kan wannan ruwan na ƙasa ake gina rijiyoyin garka, a dasa albasa da tumatir. Albasar nan da ake lodawa a manyan motoci zuwa Abijan da Akara da Kwatano, wadda duniya ta sani da sunan Galmi, ruwan da ba a gani ne ke shayar da ita. Ka hau dutse a watan Fabrairu ka dubi kwari: kore shar tsakanin baƙaƙen duwatsu, ƙarar injin ban ruwa ta ko'ina, an baza tumatir yana bushewa, ana gyaran rudu don ajiyar albasa. Kyau iya kyau. Amma duk inda ka juya akwai mutum a duƙe, kuma in ka cire shi kore ya tafi tare da shi.

Wannan koren ma ba gadonsa muka yi a haka ba. Bayan farin 1973 da na 1984, tuddai sun yi tsirara, iska na kwashe gona, ƙoramu na cin gaɓa suna zurfi har ruwa ya daina bazuwa a fadama. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun dajin Nijar suka fara dasa dogon yaro a kwarin Majiya, layi bibbiyu, tazarar mita 100, don tare iska. A 1984 aka buɗe babban furojen Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta duniya na biyan leburori da abinci. Aka haƙa ramuka a jikin duwatsu don kama ruwa, aka jera gandun dutse a kan fako, aka cika kejin waya da duwatsu aka datse ƙoramu. Cikin kimanin shekara 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa sama da hekta 30,000. Mafi yawan masu aikin mata ne, don maza sun tafi biɗa Nijeriya da Kodebuwa da Libiya.

Gwaggona na cikin matan da suka ɗauki dutse a ka a shekarun nan. Wata rana na nuna mata wasu hotuna biyu da na gani a wani rahoto, irin waɗanda ake jerawa gefe da gefe: na hagu tudu ne tsirara, na dama tudun ne ya yi duhu da itace. Babu mutum ko ɗaya a ciki. Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce:

"Ɗan nan, ai wannan layin na ƙasa mu muka jera shi. Na sama na matan ƙauyen gabas ne, su jerinsu ya fi namu karkata. Shekarar ina goye da ƙanwarka ta wajena."

Na ce, "Gwaggo, yaya aka yi kika gane, alhali duwatsun duk iri ɗaya ne?"

Ta ce, "Wanda ya ɗauka a kansa ba ya cewa iri ɗaya ne."

Hoto guda ne, amma ni itace na gani, ita kuwa ta ga ranakun aiki, da mudun hatsi da gwangwanin mai da aka karɓa, da wadda ke goyo da wadda ke da ciki. Wata masaniyar tarihi, Benedetta Rossi, ta rubuta littafi sukutum a kan Adar, From Slavery to Aid, da ya fito a 2015, inda ta bi diddigin su wa ke yin aikin ƙarfi a ƙasar nan tun zamanin bauta har zuwa zamanin agaji, da abin da suke samu a ciki. Tambayar da ta yi ita ce wadda hoton jiya da yau ba ya yi. Shi wannan hoton jikan madubin Claude ne. Na hagu an zaɓi watan da ƙasa ta fi muni, na dama an zaɓi watan da ta fi kyau, an kuma jira mutane sun fita daga ciki. Mai kallo a Roma ko Yamai sai ya ɗauka hamada ce ta warke don an zuba mata kuɗi.

Mu ma ba mu tsira ba. Kowace shekara in Agusta ta yi, ƴan uwanmu da ke Legas da Abijan da Tamanrasat sukan roƙi a turo musu hoton gida. Sai yaro ya hau dutse da yamma, ya nemi inda gawo ko bagaruwa za ta faɗo a gefe, ya jira rana ta yi ja a kan ruwan madatsa, ya ƙara launi da manhajar waya, ya tura. Bai taɓa jin sunan Gilpin ba, amma ya cika ƙa'idojinsa kaf. Ban ga laifin kewar gida ba, ni ma ina ajiye irin waɗannan hotuna. Damuwata ita ce abin da ke bayan mai ɗaukar. Madatsar da ke walƙiya ɗin nan, ƙila rabinta yashi ne ya cike, ruwan da a da ke kai wa Maris yanzu Disamba yake ƙafewa. Kejin duwatsun da ke sama ƙila wayarsa ta tsinke, ko an kwance ta an yi igiyar shanya. Kwazazzabo na cin gonar wani taku biyu-uku kowace damina. Matan da suka jera duwatsun sun tsufa, jikokinsu kuma sun taso sun tarar da itace, suna zaton haka Allah ya halicci tudun.

Nan haɗarin yake. Wanda ya ɗauka koren nan kyauta ce ba zai ga dalilin gyara shi ba. Ɗan biɗa zai aiko da kuɗin siminti da kwanon rufi, ba zai tuna da layin dutsen da ke kare gonar ubansa ba, don a hoton da ake turo masa komai lafiya lau. Mai ba da agaji kuma, da ya saba da hoton hagu, zai ci gaba da kallonmu a matsayin fili marar kowa da ke jiran a zo a cece shi. Kowanne cikin biyun ya juya wa wurin baya yana kallon madubi. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ina da roƙo ga matasanmu masu waya, daga Garhanga zuwa Tamaske da Ibohaman, da ƴan uwa na Buza da Madawa. Ku ci gaba da ɗauka, amma ku ɗauki wuri guda sau biyu, a Agusta da Afrilu, kuna tsaye a kan dutse guda. Ku rubuta sunan wurin yadda mutanen garin ke kiransa, da ranar da aka ɗauka. In akwai mai aiki a wurin, ku nemi izininsa ku bar shi a ciki da kwandonsa da gumin goshinsa. Ku ɗauki inda ya karye kamar yadda kuke ɗaukar inda ya yi kyau, ku kai wa magajin gari da ƙungiyar ƴan asalin gari da ke waje. Ku zauna da tsofaffin matan nan tun suna raye, ku naɗi muryarsu suna faɗin wane layi aka jera wace shekara, ina ƙorama ke bi kafin ta sauya hanya, wace rijiya ce ba ta ƙafe ba a 1984. Malaman lakwal kuma, in za a koya wa yara kogi, a fara da wanda ke bayan gari kafin a kai ga na cikin littafi.

Tsofaffin zanen Turawa kuwa, mu ci gaba da kallonsu, tarihi ne kuma namu ne. Sai dai in za mu tura, mu faɗi wanda ya zana, da shekarar, da abin da ya kawo shi, da hannu nawa zanen ya bi kafin ya iso. Kada mu yi kukan rasa wata ƙasa da ba a taɓa yin ta ba sai a kan dutsen ɗab'i na Landan, mu manta da wadda iyayenmu mata suka jera da ka. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya saka wa waɗanda suka ɗauki dutse, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.